Turmin da Majo ya ce na famfara ne

Ƙarshen watan nan zan ajiye farar riga a sashen haƙori na asibitin da nake aiki a nan Tawa. Abokan aiki sun san dalili, ba sai na tona ba.

A sashenmu mutanen karkara ne abin dariya kullum. Wai tsutsa ce ke cin haƙori, wai cire na sama yana makantar da ido, wai mai ciki ba ta hawa kujerar likita. Duk ba haka ba ne. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami, tsamin ya huda haƙori. Jijiyar gani kuma hanyarta daban. Sai dai camfin da ya fi ƙona mini rai, a bakin mai farar riga na ji shi.

An kawo wata yarinya daga wajen Kalfu, shekararta 7, da ta kurɓi ruwan sanyi sai kuka. Ɗan baƙin rami ne a turmin ƙasa na can ƙurya, ba kumburi, ba mugunya. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na sashenmu, ya leƙa da madubi sau ɗaya, ya ce da uwar, "Baiwar Allah, na famfara ne. A cire, wani zai fito."

Na matso na yi ƙasa da murya. "Majo, a gafarce ni, wannan turmin shekara 6 ne."

Duk wanda ya zauna aji ya san wannan. Haƙoran yarinta 20 ne, shi kuwa turmin nan a bayansu yake tsirowa ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye ke lissafa shi cikin masu zubewa. Alhali cikin 32 na girma yake. In ya fita babu mai maye masa, na kusa da shi su karkato cikin gurbin, tauna ta lalace. Ramin yarinyar nan bai kai jijiya ba, ciko kawai yake so.

Ko kallona bai yi ba. "Ke yaushe aka yaye ki? Miƙo ƙarfe." Uwar ta ƙulle haƙorin a bakin zane tana ta godiya, wai za ta jefa a kan rufi. Washegari aka mai da ni ɗakin wanke kayan aiki, aka rubuta mini rashin ladabi. Har yau ban yarda bai gane haƙorin ba. Cirewa ba ta cin lokaci kamar ciko, layi kuma ya kai bakin ƙofa.

Sauran abin da na koya ba ya buƙatar dogon zance. Asawaki ba ƙauyanci ba ne, in an iya shi yana wanke baki sarai. Ƙwayar asfirin da ake dannawa a kan dasashi ƙona shi take yi. Kankare dattin da ya daskare ba ya sa haƙori girgiɗi, ciwon dasashi ne ya riga ya ci ƙashin. Zawon goyo kuma a daina ɗora shi kan fitar haƙori, a nemi ruwan gishiri da sukari.

Ga masu zuwa bayana: yaro ramamme, ɗan shekara 2 zuwa 6, ya tashi daga ƙyanda, baki na wari, dasashi na jini, kada a sallame shi da ruwan kurkure baki, kada kuma a bar kaka ta ce iska ce. Ciwon noma, mai cin naman baki da fuska, haka yake farawa, cikin 'yan kwanaki ya huda kunci. Sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, mu kuwa a Adar mun daɗe muna ganinsa. A ranar da aka kawo yaron za a fara masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko Majo ya so ko bai so ba.