Daga Aboabo Zuwa Matsirgar Kintampo

Sana'ata kai jama'a yawon buɗe ido ce, kuma hanyar da na fi ƙwarewa a kanta ita ce ta Kintampo. Bayan sallar asuba muke tashi daga unguwar Aboabo da ke Kumasi, ƙasar Ghana, mu bi ta Offinso da Techiman, kafin rana ta take mun isa. Ruwan kogin Pumpum ne, yana gangarowa hawa uku. Na ƙasan shi ne babba, kusan mita 25, sai an sauka doguwar matakala kafin a kai gare shi. Shi ya sa tun a mota nake ware dattawa da masu ciwon gwiwa in haɗa su da yarona, don sauka ba wuya, hawowa ce aiki.

A tashar Kejetia ta Kumasi na koyi aikin, ina yaron mota. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya tada inji sai ya zagaya taya ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa birki, ya ɗaga kai ya dubi sama. Wannan duban saman na riƙe shi da hannu biyu. A watan Maris na 2017 guguwa ta kayar da babbar bishiya a kan masu wanka a matsirgar Kintampo, aka rasa rayuka da dama, yawancinsu ɗalibai. Ni in hadari ya haɗo, ba mai sauka, ko da Alhaji ne ya biya kuɗin motar gaba ɗaya.

Amma sai ka ga wani ya ɗauko tsohuwar trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ya manna hoton ruwa a Facebook, ya karya farashi. Gobe Hajiya ta zo tana cewa, "Ɗana, wane ya rage mini rabi." Hajiya, tambaye shi yaushe rabonsa da canza taya!

Abin da irinsu ba za su iya ba fasinja ba shi ne labarin garin Kintampo. Bayan Turawan Ingila sun ƙona Kumasi a 1874, cinikin goro ya karkata daga garin Salaga, Kintampo ta zama babbar kasuwar fatake. Kakanninmu Hausawa da jakunansu a nan suke sauke kanwa da tufafi su ɗauki goro. Ina faɗa wa yaran Zongo wannan a hanya, motar ta yi tsit.

Waakye, wato shinkafa da wake, mai zafi daga gidana yake fitowa, tabarmi da butoci suna cikin but ɗin mota. Masu son tafiyar bayan Sallah su zo da wuri, don ba na ƙara ko mutum ɗaya a kan adadin kujeru.