Daga bakin ƙofar masallaci zuwa sahu na uku

Wata Juma'a a bazarar shekarar 2022 abin ya fara samuna, ina tsakiyar sahu a masallacin unguwarmu a Gusau, liman yana cikin huɗuba ta biyu. Ba a yi harbi ba, ba a kawo mugun labari ba, sai kawai na ji gabana ya yanke ya faɗi, zuciyata ta shiga dukan uku-uku, ƙirjina ya ɗaure kamar an aza mini buhun gero. Yatsuna suka ɗauki zugi kamar ana tsira musu allura, gumi ya jiƙe mini taguwa, na yi kalmar shahada a zuci domin ban yi shakkar cewa ajali ne ya zo ba. Na tsallake mutane na fita ko takalmi ban tsaya ɗauka ba, kuma kafin a sallame salla abin ya lafa, ya bar ni zaune a gindin dalbejiya, jikina a mace.

Sau uku aka kai ni asibiti cikin wata biyu. An auna jini, an duba bugun zuciya da na'ura, an gwada sukari da maƙoƙo, kowane lokaci amsar ɗaya ce: lafiyarka lau. Wannan amsa ta fi komai tayar mini da hankali, domin idan lafiyata lau, to mene ne yake shaƙe ni? Inna ta ce iska ce ko sammu, aka yi mini ruƙiyya da tofi, ban kuma ƙi ba, har yau addu'a tana kwantar mini da rai. Wani mai kemis ya ba ni diazepam, na sha na yi barci, bayan 'yan makonni na tarar ba na iya fita sai da ƙwayar a aljihu.

Abin da ya fi cin rayuwata shi ne gudun da na shiga yi. Na koma salla a ƙarshen sahu don in samu hanyar fita, daga nan bakin ƙofa, daga nan tabarmar waje, har na wayi gari Juma'a tana wuce ni ina ɗaki. Na bar shiga kasuwa, na bar hawa mota zuwa Funtuwa sarin kaya. A Zamfarar yau kuwa mai tsoro yana da maɓoya mai kyau, domin duk wanda ya ce ba zai bi hanya ba, babu mai tambayarsa dalili, kowa ya san halin da ake ciki. Da wannan na rufa wa kaina asiri kusan shekara guda, alhali ba 'yan bindiga nake gudu ba, bugun zuciyata nake gudu.

Kawuna ne ya fara ambatar likitan ƙwaƙwalwa, na ji kamar ya zage ni, saboda a yankinmu da an ambaci Kware, inda asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yake a jihar Sakkwato, hauka ake kawowa a rai. Ya ce, "Ɗana, mai ciwon ido likitan ido yake nema, kai ma je ka inda aka san ciwonka." Na je ne don kunyarsa.

Likitan ya saurare ni har na gama, sannan ya kira ciwon da sunansa, ciwon fargaba mai zuwa da firgici. Ya ce Allah ya halicci jiki da shirin tserewa daga haɗari: sinadarin adiranalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sauri. A wurina shirin yana tashi ne ba tare da haɗari ba, kuma saurin numfashin yana rage iskar kabon da ke cikin jini, shi ne yake kawo jiri da zugin yatsu. Firgicin yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 sannan ya sauka da kansa, ba ya kuma tsayar da lafiyayyar zuciya. Daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da cututtukan fargaba sun kai miliyan 301 a shekarar 2019, na yi mamakin yadda na zauna ina ganin ni kaɗai aka jarraba.

Ya ɗora ni a kan maganin da ake sha kullum, ya gargaɗe ni cewa sai ya yi mako 4 zuwa 6 kafin in ji amfaninsa, ya janye mini diazepam sannu a hankali, ya kuma hana ni goro da kofi. Amma abin da ba zan manta ba shi ne ranar da ya sa na zauna a gabansa na yi ta haki da gangan na minti guda. Jirin ya zo, yatsun suka ɗauka, na riƙe hannun kujera ina roƙonsa a tsaya. Ya ce, "Malam, kada ka tashi, zauna ka ga inda zai kai ka." Na zauna, na ja numfashi ta hanci ina sakinsa a hankali, abin ya hau, ya tsaya, ya sauka ina kallonsa. Ranar na gane cewa duk lokacin da na gudu, ina tabbatar wa jikina ne cewa gudun ne ya cece ni.

Aikin da ya ba ni shi ne in koma ta hanyar da na fito. Juma'a biyu na yi a tabarmar waje, uku a bakin ƙofa, wata Juma'ar kuma na kasa, na juya gida da kunya, na sake komawa a mai zuwa. Sai da na yi wata biyar kafin na kai sahu na uku, kuma a can ɗin ma firgicin ya biyo ni, a raka'a ta farko, liman yana tsakiyar Fatiha. Gwiwoyina suna rawa, kafaɗata tana jingine da ta wani dattijo da bai san abin da nake ciki ba, na yi ruku'u, na yi sujada, kafin tahiya numfashina ya daidaita. Da aka sallame na fito cikin turmutsutsun jama'a, na tsaya a bakin ƙofa ina neman takalmina cikin na mutane.