Jirginmu ba ya fita sai teku ya yarda

Sana'armu ita ce kai baƙi cikin teku. Wasu kallon dolfin da manyan kifayen wel ke kawo su, wasu tuƙa ƙaramin kwalekwale a inda kogi ya haɗu da teku, wasu kuma iyo da tabarau a kan duwatsun murjani. Mai ƙarfin zuciya mu ɗaura masa tukunyar iska mu nutsa da shi. Gaɓarmu tana yankin da babu zafin tsakiyar duniya, babu kuma sanyin ƙanƙara, shi ya sa kusan duk shekara akwai aiki.

Dattijon da ya koya mini aikin nan, Allah ya jiƙansa, wata uku bai bar ni na taɓa inji ba. Da asuba zai zaunar da ni kan yashi ya ce, "Yaro, me ka gani?" In ce, "Ruwa, Baba." Ya ce in sake dubawa. Haushi kamar ya kashe ni. A hankali ido ya buɗe. Na gane teku sau biyu yake cika a yini, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kamar minti 50. In wata ya tsaya ko ya yi goma sha huɗu, cikar ta fi yawa, janyewar ma haka, sai ka ga dutsen da ka bi ta kansa jiya ya fito da kai yau. Shi ne ya nuna mini wurin nan mai lafiya a ido, inda raƙuman ruwa ba sa fashewa, ruwan ya ɗan yi duhu, kumfa na tafiya ciki maimakon gaɓa. Baƙo nan yake zaɓa ya yi wanka, alhali nan ne ruwan ke komawa teku da gudu. In ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi. Bi gefen gaɓa har ka fita daga bakinsa, sannan ka juyo.

Duk wannan ba ya fitowa a hoton talla. Shi ya sa yanzu kowa ya samu jirgi da shafin Facebook ya zama gwani. Mutum ya zo yana taya mu kamar mai sayen akuya: "Malam, ga wancan can, rabin kuɗinka yake karɓa." Sai in ce ya je ya ɗaga rigar ceton da za a ba shi, ya duba ko igiyarta na ɗaurewa. Araha ba ta ado.

Nutso ne wurin da na fi taurin kai. A zurfin mita 10 nauyin da ke danne jiki ya ninka na doron ƙasa sau biyu, kunne ne ke fara faɗa maka. Kafin baƙo ya shiga teku sai ya iya toshe hanci ya hura a hankali har kunnen ya buɗe, sai kuma ya haddace cewa ba a riƙe numfashi yayin hawowa, don iskar huhu kumbura take yi. Sabon shiga ba ma wuce mita 12 da shi, mai takardar shaidar nutso ta matakin farko iyakarsa 18. A hanyar fitowa mu tsaya a mita 5 na minti 3, ko da mutum ya ƙosa. Tukunya muna cika ta ma'auni 200, allurar ma'aunin na taɓa 50 kowa ya kama hanyar sama. Na'urar shaƙar iska a cikin ruwa da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera a 1943 ta canza kama sosai, amma har yau gishiri ne maƙiyinta. Kowace yamma da hannuna nake wanke su da ruwan daɗi, ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani dillali da ya taɓa kawo mini robobin hana yoyon iska na jabu, sati biyu suka tsattsage. Tun daga ranar ban sake sayen ko allura a hannunsa ba.

Lokacin sanyi ne kakarmu. A lokacin ne wel masu tozo ke baro ruwan ƙanƙara su zo ruwan ɗumi haihuwa. Dabba ce mai kai mita 15, nauyin tan 30, amma ka ga uwa na tura ɗanta sama ya sha iska kamar mai lallashin jariri. Ƙasashe da dama sun hana matsowa ƙasa da mita 100, wasu ma 300. Mu rage inji muke yi mu jira, sau da yawa ita da kanta take zuwa duba mu. 'Yan araha kuwa bin ta suke da gudu don baƙo ya samu hoto, ta nutse, kowa ya tashi a tutar babu.

Akwai ranar da na mayar wa wasu mutum takwas kuɗinsu, rana tsaka, sama garau. Babban cikinsu ya ce tsoro ne kawai. Na ce, "Yallaɓai, dubi tutar can." Tudu ya fi teku saurin ɗaukar zafi, saboda haka da hantsi ya wuce iska ke tasowa daga teku, ranar kuma ta taso da wuri. Suka tafi wurin wani. Bayan awa ɗaya na hango su an dawo da su, kowa ya rungume bokiti yana amai.

Mai son zuwa ya zo da sassafe, ya taho da hula da rigar da za ta tare rana. Ko ruwan ya yi ɗumi za mu ba ka rigar roba, don ruwa ya fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki wajen sau 25. In kuma nutso za ka yi, kada ka sa ranar tafiyarka ta matse: awa 12 bayan nutso ɗaya, 18 in an maimaita, kafin ka hau jirgin sama.