Wata bakwai muna neman tururi: labarin ƙaramin Rocket da muka ƙera a Kaduna

Kakana ya yi aikin reluwe a Zariya zamanin da kan jirgi ke cin kwal, kuma aikinsa shi ne zuba kwal a murhu. Ban riske shi da ƙarfinsa ba, amma na riski hannuwansa, duk tabon ƙuna, da wata magana da yakan yi idan muka tambaye shi yadda jirgi ke tafiya. Yakan ce jirgi numfashi yake yi, in numfashin ya toshe, ko kwal ɗin Inugu gaba ɗaya ka zuba masa ba zai motsa ba. Mun ɗauke ta hirar tsofaffi. Sai bara na gane abin da yake nufi, bayan na ɗauri aniyar ƙera ƙaramin kan jirgi mai aiki da tururi domin ɗalibaina.

Ina koyar da darasin ƙere-ƙere a wata makarantar sakandare a Kaduna. Kowace shekara nakan zana injin tururi a allo, yara su kwafa, su ci jarrabawa, amma in ka tambaye su me ke tura fistin sai su yi zuru. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na zaɓi in kwaikwayi Rocket, wani kan jirgin ƙasa da aka ƙera a masana'antar Robert Stephenson da ke Newcastle a Ingila a 1829.

Ba shi ne kan jirgi na farko ba. Tun 1804 Richard Trevithick ya ja tan 10 na ƙarfe da mutum kusan 70 a yankin Wales, sai dai nauyin injin ya riƙa karya dogon. A 1825 aka buɗe layin Stockton zuwa Darlington da injin Locomotion, amma kwal ne babban kayansa, fasinja kuwa an yi shekaru dawaki ke jan taragonsu. Da aka zo gina layin Liverpool zuwa Manchester, masu kamfanin ba su ma amince kan jirgi mai tafiya zai iya aikin ba. Wasu na ganin gara a girke injuna a gefen hanya su riƙa jan tarago da igiya. Shi ya sa aka shirya gasa a Rainhill a watan Oktoba 1829, ladan fam 500. Sharuɗɗan masu tsauri ne: injin mai ƙafa huɗu kada ya wuce tan huɗu da rabi, ya ja ninki uku na nauyinsa, ya yi mil 10 a awa, kuma kada ya turnuƙe mutane da hayaƙi. Abokan gasar Rocket, injunan Novelty da Sans Pareil, duk sun sami matsala kafin su kammala. Rocket kaɗai ya kai ƙarshe, har ya taɓa kusan mil 30 a awa.

Kuskurena na farko, da ido na fara aikin. Na ɗauki hotuna na tafi Panteka wurin wani abokina mai walda, muka ci wata biyu a kan ƙafafu, da dogon bututun hayaƙi fari, da fenti ruwan ɗorawa irin na asalin. Tukunyar tururi kuwa, tsohuwar tukunyar kashe gobara muka yanke, muka zura bututu ɗaya mai faɗi ta tsakiyarta domin wuta ta bi. Ranar gwaji muka hura gawayi, muka jira ruwa ya tafasa, na buɗe bawul. Ya gangara kamar taku uku, ya tsaya cak. Muka jira tururi ya sake taruwa, ya sake yin taku uku. Haka muka wuni.

Abokina ya ɗora hannu a saman bututun hayaƙi ya janye da sauri. Ya ce, "Malam, ai wutarka waje take gudu, ba ta gaisa da ruwan ba." Nan take jikina ya yi sanyi, domin abin da ya faɗa shi ne ainihin matsalar da ta addabi injunan da suka riga Rocket, Locomotion ma bututu ɗaya gare shi. Na karanta wannan sau da yawa, amma bai zauna a kaina ba sai da na ga zafi yana tsere mana ta sama.

Maganin da aka yi wa Rocket shawarar Henry Booth ce, ma'ajin kamfanin layin Liverpool zuwa Manchester, ko da yake Marc Seguin a Faransa shi ma ya kai ga wannan dabara a nasa ɓangaren. Maimakon bututu ɗaya, aka jera bututun jan ƙarfe 25, kowane inci 3 a faɗi, daga murhu zuwa gindin bututun hayaƙi, duk a nutse cikin ruwa. Kowace uwargida ta san ruwa ya fi saurin tafasa a tukunya mai faɗin gindi. Bututu 25 gindi ne mai faɗi da aka naɗe aka cusa cikin ƙaramin wuri. Mu bakwai muka iya sakawa, siraran bututun da masu gyaran firij ke aiki da su.

A nan muka sha wuya ta gaske. Bututu bakwai na nufin rami 14, kuma kowane rami ƙofar yoyo ce. Da dalma muka fara liƙewa, zafi ya narkar da ita. Sai da muka ɗauko wani mai gyaran firij ya yi mana liƙi da wutar gas. Kafin mu sake kusantar wuta, na dage sai mun cika tukunyar da ruwa fal mun matsa ta da famfon hannu. Ruwa ba ya matsuwa, don haka in tukunya ta fashe da ruwan sanyi ɗiga kawai za ta yi, amma in ta fashe da tururi, sai dai Allah ya kiyaye. Su ma a Rainhill haka dokar take: injin zai yi aiki da matsi 50, irin ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya da shi, amma kamfani na da ikon gwada tukunya da ruwa har 150. Da Robert Stephenson ya yi wannan gwaji, murafen tukunyar Rocket sun kumbura, sai da ya ɗaure su da sandunan ƙarfe ta ciki. Sau huɗu muna gwadawa muna ganin ɗigo, a na biyar ta riƙe. Muka ɗaura mata bawul mai sakin tururi da kansa, ni kuma ban taɓa barin matsin ya wuce 20 ba.

Duk da haka gawayin ya riƙa yin sanyi. Siraran bututu sun fi shan zafi, amma iska ba ta ratsa su da sauƙi, sai wutar ta shaƙe. Ashe saura numfashin da kakana ke faɗa. A Rocket, tururin da ya gama tura fistin ba a zubar da shi a banza, ana bi da shi ta wani bututu a harba shi sama cikin bututun hayaƙi. Yana fita da ƙarfi, sai ya janyo iska ta cikin murhu da bututun nan duka. Zugazugin maƙeri ke nan, sai dai injin ne ke zuga wa kansa: in ya ƙara gudu wuta ta ƙara ruruwa, in wuta ta ruru tururi ya ƙaru. A ganina duk cikin injin babu abin da ya kai wannan kyau. Mun matse bakin bututun namu da yawa da fari, gawayi ya riƙa tashi sama da tartsatsi, fistin kuma ya yi nauyi. Muka ɗan buɗe shi da magagari. Da na buɗe bawul, sai na ji caf, caf, caf, kuma da kowace ƙara ina ganin garwashin yana yin ja yana lafawa. Na tsuguna a wurin na kasa magana. Abokina ya ce, "Lafiya, Malam?" Na ce masa Allah ya ji ƙan kakana, yau na ji abin da ya yi shekaru yana saurare.

Wani abu da na lura da shi, injin namu yana rangaji hagu da dama idan ya ɗauki gudu. Silindarsa biyu a karkace suke a gefe, can sama, kamar na asalin, kuma kowane bugu yana ɗaga gefe guda. Rocket ma ya yi wannan, daga baya aka sauko da silindarsa suka kusa kwanciya. A injin Planet na 1830 kuwa an mai da su gaba, a ƙarƙashin tukunya tsakanin ƙafafu.

Birki na ƙara masa, abin da Rocket ba shi da shi. Ranar buɗe layin Liverpool zuwa Manchester, 15 ga Satumba 1830, Rocket ya take ɗan majalisa William Huskisson a Parkside, direban ba shi da abin yi sai ƙoƙarin mai da injin baya, kuma mutumin ya rasu a daren. Na ba ɗalibai wannan labari kafin na kunna wuta, na kuma ja layi da alli a ƙasa na ce kada wanda ya tsallake.

Ya yi zagaye shida a kan dogon da muka shimfiɗa a farfajiyar makaranta kafin ruwansa ya yi ƙasa na kashe wutar. Wata yarinya 'yar aji uku ta tambaye ni ko akwai abin da ya rage na wancan zamani a jirgin Abuja zuwa Kaduna. Na ce ta dubi tazarar da ke tsakanin dogayensa, milimita 1,435, wato ƙafa 4 da inci 8 da rabi, awon da layin Liverpool zuwa Manchester ya yaɗa a duniya. Tsohon layin da kakana ya yi aiki a kai ƙafa 3 da inci 6 ne. Ita da wasu yara huɗu sun riga sun rubuta sunayensu domin zangon karatu mai zuwa, za mu kwance silindar mu sauko da su, mu ga ko rangajin zai daina.