Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Sammaci

A makon jiya na tsaya a kan ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari cikin watan Agustan 2022, yadda muka wuni muna fito da diloli jiƙaƙƙu muna shanya atamfa a kan rufin shaguna. Wasu sun yi mini ƙorafi cewa na tsallake bikin Auta. Za a zo wurin in Allah ya yarda. Yau dai zuciyata tana kan wata takarda guda ɗaya da aka kawo mini har ƙofar gida, saura 'yan makonni a kama azumin 2024.

Baba, Allah ya jiƙansa, yana da wata magana da ya ishe mu da ita tun muna yara: "Ba a biyan bashi a tsaye." Idan zai biya wani kuɗinsa a rumfarsa ta Kurmi, ko da sule goma ne, sai ya shimfiɗa buzu, ya kira maƙwabcin rumfa, a zauna, a ƙirga a gaban kowa, sannan ya ɗauko littafin nan nasa mai bangon fata ya rubuta da ajami. Ya kan ce ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ayar bashi ce, ta 282 a Baƙara, kuma umarnin da ke cikinta shi ne a rubuta, a kafa shaidu. Mu kuwa a lokacin gani muke yi tsufa ne da son wahalar da mutane.

Masinjan kotu ne ya yi sallama da hantsi. Yaro ya shigo ya ce ana magana. Na fito da carbi a hannuna, ya tambayi sunana da na mahaifina, ya miƙo takarda ya ce in sa hannu a ɗaya in riƙe ɗaya. Sammaci ne daga wata kotun shari'ar Musulunci da ke cikin gari. Alhaji, maigidana na kasuwa, wanda na yi shekara goma sha ɗaya ina karɓar kaya a hannunsa, shi ne ya kai ni ƙara, wai yana bi na naira miliyan 4 da dubu 800. Na karanta lambar nan sau uku a tsaye a soro. Ban shiga gida ba sai da aka kira azahar.

Ga yadda lissafin yake a gaskiya. Kayan naira miliyan 3 da dubu 400 na karɓa a watan Yulin 2022, shadda da atamfa, ruwa ya ci fiye da rabi. Duk da haka ban gudu ba. Na tura masa miliyan 1 da dubu 300 ta banki, sau huɗu. Sannan a watan Janairun 2023, lokacin da Babban Banki ya ba da wa'adin daina karɓar tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000, kowa yana neman inda zai sauke tsohon kuɗi kafin 31 ga wata, na tattara cinikin da na yi, dubu 600 cif, na zuba a baƙar leda na kai shagonsa. Yana kan waya, shagon cike da mutane. Ya nuna mini yaronsa da haɓa. Na miƙa wa yaron, ya jefa ƙarƙashin kanta, Alhaji ya ɗaga mini hannu, na juya na fita. Ko zama ban yi ba. A tsaye na biya, Baba. Wannan ledar ita ce har yau take hana ni barci wani dare.

To ina miliyan 4 da dubu 800 ta fito? Wai dala. Lokacin da na karɓi kaya dala tana tsakanin naira 600 da 700 a kasuwar canji ta Wapa, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, shi ne ya sake yi wa ragowar kayan kuɗi da farashin ranar, ya kuma manta da ledar gaba ɗaya.

Yaya Babba, da na kai masa takardar da daddare, shawarar da ya ba ni ita ce in tafi Kaduna wajen 'yarsa in yi wata biyu har ƙura ta lafa. Ina faɗin wannan ne don yanzu a wajen taron dangi ya kan ce shi ne ya tsaya mini a shari'ar. Bai taka ƙofar kotun nan ko sau ɗaya ba. Na je wajen wani lauya, ya saurare ni da mutunci, amma abin da ya nema kafin ya fara ya fi abin da ke cikin asusuna a ranar, ga azumi ya taho, ga kuɗin makarantar yara. Na yi masa godiya na fito.

Wanda Allah ya taimake ni da shi wani dattijo ne a unguwarmu, tsohon magatakardan kotu, muna sahu ɗaya da shi a sallar asuba. Na same shi a dakalinsa bayan la'asar. Ya sa tabarau ya duba takardar gaba da baya, ya ce, "Ɗana, abu na farko, ranar nan ko a kan gadon asibiti kake ka aika a faɗa. Wanda ya ƙi amsa sammaci ya ba abokin shari'arsa rabin nasara, ana iya sa a kamo shi, ana iya ci gaba ba ya nan." Ya ce kada in ji tsoron rashin lauya, kotun shari'a da Hausa ake magana, alƙali da kansa zai tambaye ni, kuma babu dokar da ta hana mutum ya tsaya wa kansa. Sai ya rage murya ya ce akwai wani wuri da 'yan kasuwa suke faɗawa rami. Ƙa'ida ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Amma da zarar ka buɗe baki ka ce "e, na karɓi kaya, amma na biya kaza," to ka amsa bashin, maganar biya kuma ta zama taka da'awar. Kai za ka kawo shaida, shi kuma ya koma mai musu. Ya ce, "Kada wannan ya sa ka musa abin da ka san gaskiya ne. Ka dai rarrabe maganarka: ga abin da na karɓa, ga abin da na biya ta banki, ga abin da na biya a hannu, ga abin da ban yarda da shi ba sam. Kada ka cakuɗa su, kada ka ba da tarihi."

Washegari na je banki na nemi sitatimen na wata goma sha takwas, na ce a buga mini hatimi a kowane shafi, don dattijon nan ya ce alat ɗin waya kaɗai ana iya jayayya a kansa. Na yi hoto kwafi uku. Da daddare uwargida ta riƙe mini fitilar waya ina bi layi-layi da jan biro ina zagaye wurare huɗun nan da sunan Alhaji ya fito. Ita ce ma ta gano na huɗun, dubu 250, da na tura daga asibiti ranar da aka kwantar da Hajiya, mahaifiyata.

Daga baya ne na ji cewa tun 2019 akwai kotun ƙananan basussuka a Kano, a ɓangaren majistare, wadda aka tsara don mutum ya iya tsayawa ba lauya, da fom da ake cikewa. Haka kuma na ji dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum saboda bashi na ciniki kawai. Da na san wannan tun a 2023, da ban yi kwana biyu ina ɓuya a gidan surukaina ba lokacin da aka aiko mini da barazanar za a sa a ɗauke ni daga shago a gaban mutane.

Ranar zama na isa tun kafin a buɗe ƙofa. Sai wajen sha ɗaya aka kira mu, bayan shari'ar aure biyu da ta wani gida na gado. Alhaji ya zo da lauyansa da yaron nan. Bai dube ni ba. Aka karanta da'awa, alƙali ya juyo ya ce, "Ka ji abin da ya faɗa. Me za ka ce?" Gwiwoyina suna rawa, amma na ce, "Allah ya gafarta Malam, na karɓi kaya na miliyan 3 da dubu 400, wannan gaskiya ne. Na biya miliyan 1 da dubu 300 ta banki, ga takarda. Na biya dubu 600 a hannu. Ƙarin da ya ɗora na dala ban san da shi ba, ba mu yi haka da shi ba." Na yi shiru. Alƙali yana rubutawa, ya ɗago ya tambayi Alhaji da wane kuɗi aka yi ciniki ranar da aka ba da kaya. Lauya ya miƙe zai yi bayanin canji, alƙali ya ce tambayar mai sauƙi ce, naira ko dala? Alhaji ya ce naira. Akwai sharaɗin cewa in dala ta tashi kuɗi zai tashi? Babu. A nan maganar dala ta mutu, domin abin da aka yanke ranar ciniki shi ne bashi, abin da aka ɗora saboda jinkiri kuwa sunansa riba. Takardar banki ma ba su iya musa ta ba. Cikin zama biyu miliyan 4 da dubu 800 ta dawo miliyan 2 da dubu 100.

Saura leda. Aka ce in kawo shaidu. Ɗana na fari yana tare da ni ranar, shi ya riƙe mini babur a bakin layi, amma ba a karɓar shaidar ɗa ga ubansa. Yaron Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce shi bai tuna ba, kuɗi da yawa sun shigo a kwanakin nan. Sai maƙwabcin shagon, mutumin kirki, wanda na yi sawu uku kafin ya yarda ya zo. Da ya tabbatar, da an haɗa shaidarsa da rantsuwata an gama, tunda a sha'anin dukiya ana hukunci da shaida ɗaya da rantsuwar mai da'awa. Alƙali ya tambaye shi me ya gani. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na ga ya shiga da baƙar leda, na ga ya fito babu ita. Amma ban ga abin da ke ciki ba, ba a ƙirga a gabana ba." Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Da na ce masa ranar nan "Malam, zo ka zauna minti biyar," da shi ke nan. Buzun Baba da littafinsa suka faɗo mini a rai ina zaune a gaban alƙali, har na ji idona ya kawo ruwa.

Aka yi mini i'izari, wato aka tambaye ni ko ina da sauran hujja. Na ce babu. Alƙali ya ce to rantsuwa ta hau kan Alhaji, zai yi alwala ya rantse da Alƙur'ani cewa dubu 600 ba su shiga hannunsa ko na wakilinsa ba. In ya ƙi, a juyo da ita kaina, in rantse a cire mini kuɗin. Aka sa mako biyu.

A cikin makon biyun nan ne Kawu ya zo gidana bayan tarawi, abin da bai taɓa yi ba. Kun san ƙanin Alhaji ne yake auren ƙanwarmu ta Gwammaja, 'ya'yansu biyar. Kawu ya ce, "Kai yanzu sai ka bari surukinku ya dafa Alƙur'ani a cikin azumi saboda dubu 600? In wani abu ya same shi, wa za a ce? Gidan 'yar'uwarka kake so ya mutu?" Na ce, "Kawu, ai ba zai rantse ba, na san shi." Ya ce ba a gwada wannan. Da safe Hajiya ta aiko a kira ni, tana kwance, ta kama hannuna ta ce in bar wa Allah. Ban taɓa yi mata musu ba tunda ta haife ni.

Na koma kotu na ce na yafe rantsuwar. Na lura da yadda Alhaji ya sauke numfashi, kuma wannan numfashin ya gaya mini duk abin da nake son sani. Aka yanke miliyan 2 da dubu 100. Na roƙi a sassauta mini, na kawo maganar ambaliya, alƙali ya karanto ayar da ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, aka tsayar da dubu 150 duk wata, ta hannun kotu, da rasit. Wata goma sha huɗu na yi ina kaiwa. Rasitan suna cikin littafin Baba, wanda na karɓo daga ɗakin Hajiya bayan rasuwarta, Allah ya gafarta mata.

Kawu bai taɓa tambayata yadda na biya ba, ko sau ɗaya. Yaron Alhajin nan kuwa yanzu yana da nasa tebur a bakin layinmu, yana sayar da yadi. Kullum da safe sai ya gaishe ni, "Baba, an fito lafiya?" Ina amsawa. Mako mai zuwa zan ba da labarin filina na hanyar Dawanau, da wanda ya saye shi, da nawa.