Kafin ka sayi sabon kebul, duba soson kunnen hedifon ɗinka

Ƙannena masu sha'awar hedifon mai kyau, sautin da kuke ji ba na'urar kaɗai ke samar da shi ba. Tsakanin 'yar lasifikar da ke cikin kofin hedifon da dodon kunnenka akwai ɗan sarari cike da iska. Girman sararin nan, da abin da ya kewaye shi, da ko iskar na samun kafar sulalewa, su ne ke yanke yadda kiɗa zai iso maka. Na daɗe ban fahimci haka ba, kuma kuɗin da na kashe kafin in fahimta sun isa su sayi wani hedifon ɗin.

Hedifon ɗina na farko mai daraja ya yi mini aiki na tsawon lokaci, sai na fara jin kamar an lulluɓe shi da bargo. Muryar mawaƙi ta ja baya, ƙananan ƙararrakin da a da nake tsinta ɗaya bayan ɗaya suka dushe. Na ɗora laifin a kan kebul, na sayi wani mai kauri da aka yi ta zuzutawa. Shiru. Na koma kan amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa hedifon, na canza. Nan ma shiru. Ashe na bar jaki ina dukan taiki. Ranar da wani abokina ya kawo irin nawa sak, amma sabo, muka jera su a kan tebur, sai na ga soson kunnen nawa, wato matashin da ke bakin kofi yana kwanciya a kewayen kunne, ya lotse, bai fi rabin kaurin nasa ba. Wurin da ke zama bayan kunne ya kwanta ya yi sheƙi saboda maiƙon fata, in ka danna da yatsa ramin ya daɗe bai ciko ba. Na cire nasa na maƙala a nawa, sautin da na yi zaton ya tafi ya dawo nan take.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan soso ya lotse, lasifikar tana matsowa kusa da kunne, sararin ya ragu, daidaiton da maƙerin ya yi tsakanin sauti mai kauri da siriri ya jirkice. Kuma abin yana faruwa ne sannu a hankali, kunne na sabawa, shi ya sa ba ka lura. Wata alamar ita ce zafi a gefen kunne bayan ka daɗe da shi a kai: guringuntsin kunnenka ne ya fara gogar bangon cikin kofin. Soson kunne kayan ƙarewa ne. Mai amfani da hedifon kullum ya sa a ransa cewa zai riƙa sabunta shi, kuma tun wajen saye ya tambaya ko ana cire shi, ko ana samun wani.

Da na gane ƙarfin soso, sai na zarce gona da iri. Na ga wani na fata, mai kauri, mai kyau a ido, na cire na karammiski da hedifon ya zo da shi na sa wannan. Daren farko na ji daɗi, bas, wato sauti mai kauri, ya cika kunne. Da aka kwana biyu na gane bas ɗin ya kumbura ya danne komai, murya ta koma kamar daga cikin ɗaki na uku ake rera ta, ga gumi na taruwa a kewayen kunne. Karammiski yana barin iska ta ratsa shi kaɗan, kuma da wannan ratsawar aka yi lissafi lokacin da ake daidaita sautin. Fata da ledar da ake kwaikwayon fata da ita suna toshe iskar. Saboda haka canza nau'in soso daidai yake da canza hedifon. In sautin asali kake so, nemi soson asali. In kuwa dole sai na wani kamfani, nemi wanda aka auna a kan irin hedifon ɗinka aka nuna bambancin, kar ka bi kyan hoto. Kuma ledar nan, duk yadda ka lallaɓa ta, wata rana za ta fara ɓarɓashi tana maƙale maka a kunci. Goge ta da ɗan tsumma mai laima bayan amfani yana ƙara mata kwana. Karammiski kuwa ana iya cire shi a wanke a hankali da ruwa da ɗan sabulu, amma sai ya bushe sarai kafin a mayar.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Sa kiɗa mai bas, ka ɗan danna kofunan biyu da tafin hannu zuwa kanka. In bas ya ƙaru sosai, to akwai kafa a wani wuri. Masu tabarau su suka fi shan wannan: hannun tabarau yana ɗaga soso ya bar 'yar ƙofa, kuma ƙofar nan kaɗai ta isa ta zubar da bas, musamman a hedifon mai rufaffen baya, wato wanda bayan kofinsa ke toshe. Gashi mai yawa ma haka. Tabarau mai siririn hannu yana taimakawa, ko ka ɗan ɗaga hannun ya hau saman soso. Wurin zaman kofin ma yana da tasiri. Matsar da shi gaba kaɗan, ko baya, ko ƙasa, za ka ji siririn sauti na sauyawa. In ka samu inda ya fi maka daɗi, riƙe wurin.

Sai maganar matsi. Wasu hedifon suna zuwa da ƙarfin damƙa, har Sennheiser HD 600, wanda ya fito a 1997 kuma har yau ake sayar da shi, an san shi da haka in yana sabo. Wani da na taɓa samu ya matse ni har muƙamuƙina na ciwo, na rasa haƙuri na kama bakan da ke bisa kai da hannu biyu na buɗa da ƙarfi. Na ji ƙas. Robar ta tsage daga tsakiya, kuma laifina ne, babu na kowa. Abin da ya kamata in yi shi ne in jera littattafai su ɗan fi faɗin kaina, in ɗora hedifon a kansu ya kwana, in gwada, in sake in bai isa ba. In akwai siririn ƙarfe da ke zamewa wajen tsawaita hannun, shi ake ɗan lanƙwasawa a hankali, ba a taɓa roba. Kuma kar ka sassauta shi gaba ɗaya. Matsin nan shi ke riƙe soso a jikin fata, shi ke kuma raba nauyi da gefen kai. In ka kashe shi, nauyin duka zai koma tsakiyar ka, bas kuma ya tsere.

Nauyi kuwa ba a gane shi a minti biyar na gwaji. HD 600 bai wuce giram 260 ba, alhali wasu manyan samfuran kamfanin Audeze sun haura giram 500. Amma lamba ba ita ce komai ba. Hedifon mai nauyi da ke da faffaɗan madauri na fata a ƙarƙashin bakan yana iya fin mara nauyi daɗi, in shi mara nauyin ya tara komai a wuri guda kamar yatsa na danna maka ƙoƙon kai. Ana samun irin madaurin nan daban a ɗaura, yana kuma gyara da yawa. In za ka saya, ka nemi damar barinsa a kai aƙalla awa guda.

Yanzu ikwalaiza, wato abin da ake ƙara ko rage ƙarfin wani yanki na sauti da shi, kamar bas ko siririn sauti. A da ina cikin masu ganin taɓa ta kamar cin amanar kiɗa ne. Da na fara taɓawa kuma sai na yi abin da kowane sabon shiga ke yi, na tura bas sama, na tura siririn sauti sama, na bar tsakiya a rami, har sautin ya fara tsagewa a wuraren da kiɗa ya yi ƙarfi. Ga abin da na koya daga baya. Kunnen ɗan'adam da kansa yana ƙara wa sautin da ke wajen Hz 3,000 ƙarfi (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, babbar lamba siririn sauti), saboda siffar kunne da ramin da ke kaiwa ga dodonsa. Don haka hedifon mai kyau ba ya nuna miƙaƙƙen layi in an auna shi, dole a ga tudu a wannan yankin. Tun daga 2012, Sean Olive da abokan aikinsa a kamfanin Harman suka riƙa gwada mutane ba tare da sun san wane hedifon suke ji ba, suka fitar da zanen sautin da akasarin masu sauraro suka fi so, aka kuma sabunta na manyan hedifon a 2018. Zanen yana da ƙarin bas a can ƙasa da kuma tudun nan na tsakiya. Ba doka ba ce, su kansu sun ga mutane sun sha bamban wajen yawan bas ɗin da suke so, amma wurin farawa ne mai kyau. Akwai AutoEq, wanda ya tattara ma'aunin hedifon masu ɗimbin yawa yana ba da lambobin gyara, akwai manhajar ikwalaiza ta Equalizer APO a kwamfuta mai Windows, akwai ta Wavelet a wayar Android.

Abu biyu kar ka manta. Na farko, duk abin da ka ƙara, rage ƙarfin sauti na gaba ɗaya daidai da shi. In ka ɗaga bas da desibel 5 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne), sauke madannin ƙarfin gaba ɗaya da ke cikin ikwalaizar da desibel 5, in ba haka ba tsagewar nan za ta biyo. Ragewa ma ta fi ƙarawa lafiya. Na biyu, daga wajen Hz 8,000 zuwa sama kar ka yarda da zane ido rufe, domin a can siffar kunnen kowa tana aiki daban, ma'aunin ma ba ya tsayawa wuri guda. Beyerdynamic DT 990, alal misali, an san shi da tsini a wannan yankin. Wani na jin sa a matsayin tsabta, wani kuma harafin “s” na soke masa kunne. Nan kunnenka ne alƙali. Rage kaɗan, saurara kwana biyu, sannan ka yanke.

Amfilifaya tana da amfani, amma ba yadda ake kururutawa ba. Duba lambar om ɗin hedifon ɗinka, wato ma'aunin turjiyarsa ga wutar lantarki, da kuma yadda yake saurin ɗaukar ƙara. Beyerdynamic DT 770 Pro yana zuwa da om 32, da 80, da 250. HD 600 om 300 ne. Masu babbar lamba sukan buƙaci abin da ya fi ramin waya ƙarfi. Akwai kuma ƙa'idar da masu harkar ke bi: om ɗin mafitar amfilifaya kar ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na om ɗin hedifon, in ya wuce yana iya sauya bas. In na'urarka na kai ka ƙarar da kake so da saura, ba ta huci, ba ta tsagewa, to an gama, ajiye kuɗinka. Kebul kuma a canza shi in ya lalace, ko ya yi tsawo, ko yana kai ƙarar gogar riga zuwa kunne. Ban taɓa samun fiye da haka a wurinsa ba.

To me ya sa mutum ke rantsuwa ya ji bambanci? Sau da yawa ƙara ce. Abin da ya ɗan fi ƙara, ko da desibel ɗaya ne, kunne na ɗaukarsa a matsayin wanda ya fi kyau. Tun 1933 masu bincike Fletcher da Munson suka nuna cewa in sauti ya yi ƙasa, kunne ba ya jin bas yadda ya kamata, in an ƙara sai ya bayyana. Duk gwajin da ba a daidaita ƙarar na'urorin biyu ba, gwajin banza ne, kuma na yi irinsa ba adadi ina yaudarar kaina. Haka batun barin sabon hedifon ya yi ta kiɗa kwana da kwanaki wai don sautinsa ya gyaru. A ganina, abin da ke sauyawa shi ne soson da ke bin siffar kanka, da ƙwaƙwalwarka da ke sabawa.

Wannan ƙarar ita ce ta fi cutar da ni. Hedifon mai buɗaɗɗen baya, wato wanda bayan kofinsa ke barin iska ta ratsa, irin wanda Sennheiser ta fara fitarwa da HD 414 a 1968, yana ba da sarari da iska, amma hayaniyar waje na shigowa yadda take so. Ni kuma na riƙa amfani da irinsa a wuri mai hayaniya, ina ƙara murɗawa don in danne ta. Sauti mai tsabta ba ya gargaɗi, ba ya tsagewa balle ka farga. Sai da na fara jin wani siririn fito a kunne in dare ya yi. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne, in sun mutu ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce awa 40 a mako a kan desibel 80, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: a 83 saura awa 20, a 86 saura 10. Wayoyi da yawa yanzu suna nuna ƙiyasin abin da ka saurara a mako, ka buɗe wurin ka duba. In wuri na da hayaniya, ɗauki mai rufaffen baya ko mai kashe hayaniya, ka bar buɗaɗɗen sai ɗaki ya yi tsit. Ka fara daga ƙasa, ka ba kunne 'yan mintoci ya saba kafin hannunka ya koma kan madanni, sau da yawa za ka tarar ba ka buƙatar ƙari. In kuwa ka cire hedifon ka ji fito, ko muryar mutane ta yi maka nisa, ka huta da shi, in abin bai tafi ba ka je likitan kunne ya auna ka.