Allurar cike fuska da jinin mai ita

Ana ɗibar jini mililita 10 zuwa 20 daga hannu, a juya shi a inji har ruwan jinin mai launin ɗorawa ya taso sama. Ruwan nan ake dumamawa a digiri 75 na ma'aunin Celsius na tsawon minti 10 har ya yi kauri. Dole ya huce kafin a gauraya shi da ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa, domin zafi na lalata su. Wannan haɗin ake yi wa mai jinin allurarsa a fuska don ta cika.

Jiki na shanye shi cikin 'yan watanni, don haka kada a biya shi kuɗin abin dindindin. Babban haɗarin shi ne allurar ta faɗa jijiyar jini wajen hanci ko goshi: fata ta mutu, ko ido ya makance. Maganin da ke narkar da wasu sinadaran cike fuska na kamfani idan aka samu matsala kuwa ba ya narkar da wannan.